Sandar ƙasa ita kaɗai ba ta tsare rai a yashin Diffa

Idan firji ko ƙofar ƙarfe ta fizgi hannun mutum, yawanci dariya ake yi, a ce wuta ce ta ɗan ja shi. Alhali wannan fizgar shaida ce cewa wuta ta tsere daga wayarta ta hau jikin ƙarfe, tana neman hanyar komawa inda ta fito, kuma ba ta sami wata hanya ba sai jikin mai taɓawa. Wutar da kamfanin NIGELEC ke kai wa gidaje volt 220 ce. Jikin mutum mai gumi, ƙafa ba takalmi, zai iya wuce da miliampiya 200 a wannan ƙarfin, ga shi kuwa daga 30 zuwa sama zuciya na iya rikicewa. Maganin da kowa ya sani shi ne a kafa sandar tagulla a ƙasa a ɗaura mata waya. A ganina, a garin Diffa wannan rabin aiki ne, kuma rabin aikin da ke sa mai gida ya saki jiki.

Dalilin yana cikin ƙasar kanta. Sanda ba ta shanye wuta, hanya kawai take buɗe mata, kuma kyan hanyar ya dogara ga danshi. Diffa na samun ruwan sama kusan milimita 300 a shekara, cikin 'yan watanni, sauran lokacin yashi ne busasshe, daga tudun garin har zuwa Maine-Soroa. Masu aikin wuta suna da lissafi mai sauƙi: a raba taurin ƙasa, wato yadda take hana wuta wucewa, da tsawon sanda. Laka mai danshi tana iya ba sanda mai mita 2 tauri na om 25 kacal, amma busasshen yashi zai iya kai ta om 1,000. A wannan hali, in waya ta goge ta taɓa jikin firji, abin da zai bi sandar bai wuce miliampiya 220 ba. Wannan ba zai ƙona fis ba, ba zai kuma sa babbar na'urar yanke wuta mai miliampiya 500 ta faɗi ba. Firjin zai ci gaba da sanyaya ruwa, jikinsa ɗauke da wuta, har yaro ya zo ya dafa. Shi ya sa ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda ma'aikata da yawa a ƙasashe masu amfani da Faransanci suka koya, ta ce da irin wannan na'ura kada taurin sanda ya wuce om 100, kuma a ƙara wata mai faɗuwa a miliampiya 30 a kan duk layukan gida.

A gangaro kwarin Komadugu Yobe, sai lamarin ya juye. Nan ƙasa laka ce, ruwa na kusa, sanda za ta yi aiki yadda ake so. Amma nan ne kuma manomin tattasai ko shinkafa yake tsaye cikin ruwa har idon sawu, ya kama bututu ko jikin injin ban ruwa. Shi kansa ya zama hanya mai kyau zuwa ƙasa. A nan abin da ke ceto shi ne haɗe ƙarafa: a ɗaure jikin famfo, da bututun ƙarfe, da ƙafafun allunan sola, da akwatin sarrafa injin, duka da waya guda mai launin kore da rawaya, a kai ta sanda ɗaya. In duk ƙarafan da hannu zai iya kaiwa suna kan ƙarfi ɗaya, wuta ba ta da dalilin ratsa ƙirjin mutum daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa tsuntsun da ke zaune a kan waya guda ba ya mutuwa. Kada a manta kuma cikar Komadugu takan zo a makare, bayan damina ta ɗauke, domin ruwanta daga kogunan Hadeja da Jama'are yake tasowa. Ambaliyar Oktoban 2019 ta shiga gonaki da gidaje a lokacin da ba a sa rai da ruwa, kuma wayar da aka shimfiɗa a ƙasa da rani, aka naɗe mahaɗarta da leda, cikin ruwa take kwana a irin wannan lokaci.

Wani zai ce ai ba wutar kamfani yake amfani da ita ba. Gaskiya ne, tun da rikicin Boko Haram ya taɓa layin da ke kawo wuta daga Damasak, mutanen yankin suka ƙara dogara ga janareta da sola. Sai dai janareta ma volt 220 take bayarwa, kuma allunan sola da aka jera don famfon rijiya sukan tara ɗaruruwan volt muddin rana na sama, ko da an kashe injin. Wani kuma zai ce ya zuba gishiri da gawayi a ramin sanda. Wannan dabara na rage tauri, ban musa ba, amma gishiri yana wankewa da ruwa, yana kuma cin ƙarfe, shekara biyu ko uku sai a tarar mahaɗar waya ta ruɓe a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya sani. Ya fi a zurfafa sandar, ko a kafa biyu ko uku da tazara a haɗe su, ko a binne wayar tagulla kewaye da harsashin gini tun ana haƙa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na kuɗi, musamman a garin da ya cika da iyalan da suka baro gidajensu tun 2015, inda ake jan waya daga maƙwabci a rataya ta a kan rufin kwano. Wanda ke neman abin sawa a baki ba zai sayi tagulla ba. Amma ko a nan akwai abin da ya kamata a fara da shi: na'urar miliampiya 30 tana faɗuwa ko da sandar ba ta da kyau sosai, kuma kuɗinta bai kai na firji ko famfon da take tsarewa ba. Abin takaici, ita ce aka fi cirewa, wai tana yawan yanke wuta, alhali faɗuwarta na nufin akwai inda wuta ke yoyo.

Mai gida ko mai gona da aka yi wa aiki, kada ya biya cikon kuɗi sai ma'aikaci ya auna sandar da na'urar awo a gabansa ya faɗa masa lambar, kuma a sake awon a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Maɓallin gwaji da ke jikin na'urar yanke wuta, a riƙa danna shi duk wata. In ba ta faɗi ba, a canza ta a ranar.