Su wa ke da haƙƙin samun magani kyauta a likitar gwamnati?

Jama'a, sau da yawa yaro yakan kwana uku da masassara a gida don uwaye na tsoron kuɗin magani. Alhali kuwa doka ta ɗauke wa wasu mutane wannan nauyi a Nijar. Ya kamata mu san su.

Na farko, yara daga haihuwa har zuwa shekara 5. Tun shekarar 2006, ganin malamin lafiya da maganin da ya rubuta musu kyauta ne a likitar gwamnati.

Na biyu, mata masu ciki. Awon ciki kyauta ne tun 2006. In haihuwa ta yi gardama har aka yi wa mace aiki aka ciro jinjiri, ba a biya, tun 2005. A shekarar 2024 kuma, gwamnati ta ce haihuwa ita ma kyauta ce.

Na uku, ma'aurata masu son hutun haihuwa: ana ba su maganin kyauta. Haka nan matan da suka kamu da sankarar mama ko ta mahaifa, tun 2007.

Masu tarin fuka da masu cutar sida su ma ba su sayen maganinsu.

Mu lura: shekarun yaro da irin lalurar mutum ake dubawa, ba arzikinsa ba. Ɗan manomi da ɗan attajiri duk ɗaya ne. Amma yaron da ya wuce shekara 5, ko magidanci mai ciwon baya, zai biya. Kuma dokar ba ta shafi likita mai zaman kanta ba.

Me ya sa wani lokaci ake tura mu farmasi mu saya? Dalili shi ne, gwamnati ce ke mayar wa likita kuɗin abin da ta bayar. In biyan ya yi jinkiri, sai magani ya ƙare.

Saboda haka, mu riƙa tafiya da karnen yaro ko na awon ciki, shi ne shaidarmu. In an nemi kuɗi, mu tambayi dalili cikin ladabi, mu karɓi rasit. In ba mu gamsu ba, mu sanar da kwamitin lafiya na garinmu.

Kada mu jira ciwo ya yi tsanani. Ranar da jikin yaro ya yi zafi, ranar za mu kai shi.