Sumuni a zaure, 2⁻³ a kan allo

A zaurukan karatu na Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, almajirin da ya kai babin gado ba ya tuntuɓe da sumuni. Ya san matar mamaci tana da rubu'i idan bai bar ɗa ba, sumuni idan ya bari. Miji kuwa rabi ko rubu'i. Amma rubuta wa ƙanensa ɗan sakandare 2⁻³ a allo, sai ka ji ya ce −8, wani ma −6. Alhali amsar ita ce sumunin nan dai, 1/8.

Alamar debewa ce ke ruɗa yara. Tun firamare sun saba cewa duk inda ta fito an shiga bashi. A kan fawa kuwa, wato ƙaramar lambar da ake rubutawa a sama, rabawa take nufi. Sauko da fawar ɗaya bayan ɗaya ka gani: 2³ takwas, 2² huɗu, 2¹ biyu. Duk saukowa, raba biyu aka yi. To, ci gaba mana: 2⁰ ɗaya, 2⁻¹ rabi, 2⁻² rubu'i, 2⁻³ sumuni. Lambar tana ta ƙanƙancewa, amma har abada ba za ta faɗa ƙasa da sifiri ba. Ni a ganina, malamin da ya sa yara haddar x⁻ⁿ = 1/xⁿ bai nuna musu wannan jerin ba, ya cuce su, domin hadda ce ke fara gudu ranar jarrabawar WAEC.

Hikimar ma tsohuwa ce. As-Samau'al, wanda ya tashi a Bagadaza a ƙarni na 12, ya jera fawowi a teburi, ɗaya a tsakiya, manya a gefe guda, kishiyoyinsu a ɗaya gefen. Nicolas Chuquet na Faransa ya rubuta fawa mai debewa a 1484, sannan Newton ya yi amfani da ita a wasiƙarsa ta 1676.

Idan aka ce ka sauƙaƙa 6x⁻²y³ / 3x⁴y⁻¹, kada ka razana. Fara da lambobi zalla: 6 raba 3, biyu. Duk harafin da fawarsa ke da debewa, tsallakar da shi layin rabawa, alamar ta faɗi. Sai x⁻² ya sauka ƙasa ya tarar da x⁴, su zama x⁶, tunda a wajen ninki tara fawa ake yi. Shi kuma y⁻¹ ya hau sama ya haɗu da y³, su zama y⁴. Amsa: 2y⁴/x⁶.

Inda ake zubar da maki a banza shi ne irin 3x⁻². Fawar ta x ce ita kaɗai, don haka 3 yana nan sama: 3/x². Sai an kewaye su da baka, (3x)⁻², sannan su sauka tare su ba da 1/(9x²). Haka kuma tsallake layin nan na ninki ne, ba ya aiki inda akwai tarawa. Mai shakka ya gwada da lamba: (2+2)⁻¹ rubu'i ne, amma 2⁻¹ + 2⁻¹ ɗaya ne cur. Kuma duk wannan sai idan x ba sifiri ba ne, don ba a raba abu da sifiri.

Yaron da ke burin karanta kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke Kalgo, zai iske abin yana jiransa a kemistiri da fiziks. Ko a kemis ɗin unguwa yana nan: miligiram shi ne 10⁻³ na giram, saboda haka ƙwayar farasitamol mai miligiram 500 rabin giram ce ta magani.