Hoton Ayuba Sulaiman Jallo

A yau idan kana son hotonka a Chinade ko a Azare, wayar hannu ta ishe ka. Kafin a ƙirƙiro kyamara kuwa, sai mutum ya zauna a gaban gwanin zane, shi kuma gwanin yana duban fuskarsa yana shafa fenti a jikin ƙyalle. Aikin yana da tsada, saboda haka a Turai galibi sarakuna da attajirai ake yi wa. Amma a shekarar 1733, wani mai zane a Ingila mai suna William Hoare ya zana wani Bafulatani wanda bai daɗe da fita daga bauta ba. Sunansa Ayuba Sulaiman Jallo.

Ayuba ɗan wani babban malami ne daga Bundu, a ƙasar Senegal ta yanzu. Ya je bakin kogin Gambiya cinikin bayi, sai shi ma aka kama shi aka sayar. Aka kai shi Maryland a Amurka, inda ya yi bauta a gonar taba. Daga can ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci. Wasiƙar ta faɗa hannun wasu Turawan Ingila, suka yi mamakin iliminsa, suka sa aka kawo shi Landan, aka fanshe shi.

Da farko Ayuba bai so a zana shi ba. Da ya amince, sai ya ce da tufafin ƙasarsa za a yi. Hoare bai taɓa ganin irinsu ba, don haka Ayuba ne ya kwatanta masa su.

Idan ka sami hoton, ka fara lura da haske. Mai zanen ya bar bayan hoton da duhu domin idonka ya tsaya a kan fuskar. Ayuba yana dubanka kai tsaye, cikin natsuwa. Yana sanye da farar riga da farin rawani, kamar malaman da ka saba gani a garinku, ga kuma Alƙur'ani mai jan bango a rataye a wuyansa. A zanen Turai na wancan zamani, baƙin mutum yakan fito ne a gefe, a matsayin baran wani. A nan kuwa Ayuba ne shi kaɗai, kuma shi ya zaɓi kamannin da za a tuna shi da su: malami, Musulmi, ɗa.

Ayuba ya koma gida a 1734, ya rasu a 1773. A 2009 Hukumar Gidajen Tarihi ta Qatar ta sayi hoton, daga baya ta ba da aronsa aka nuna shi a Landan.

Tambayoyi
1. Ta yaya Ayuba ya fita daga bauta?
2. Wane sharaɗi ya kafa kafin a zana shi?
3. Da kai za a zana, wane tufafi za ka sa? Kawo dalilinka.