Daga Allon Talabijin Zuwa Kujerar Minista: Abin da Ya Ci Aikin Jarida a Yukren

Da Oleksandr Tkachenko ya ajiye muƙamin ministan al'adu da yaɗa labarai na Yukren a Yulin 2023, hankali ya tafi kan kuɗin da aka ware wa fina-finai da gidan tarihi ana tsaka da yaƙi. Ɓarnar da ta fi wannan girma ta riga ta auku tun ranar da shugaban gidan talabijin ya koma mai tsara wa ƙasa manufar yaɗa labarai.

Tushen matsalar shi ne masu tashoshin. Shekara da shekaru manyan tashoshin ƙasar sun kasance a hannun attajirai ƙalilan: 1+1 ta Ihor Kolomoisky, Inter ta Dmytro Firtash, ICTV ta Viktor Pinchuk, Ukraina ta Rinat Akhmetov. Ba don ribar talla suka riƙe su ba, don faɗa a ji ne. Jam'iyyun kuwa ba su da saiwa a ƙasa, ana kafa su ne gab da zaɓe, don haka fuskar da jama'a suka saba gani kowane dare ta fi katin jam'iyya daraja. Tkachenko ya shugabanci kamfanin 1+1 daga 2008 zuwa 2019. A tasharsa aka nuna wasan kwaikwayon da Volodymyr Zelensky ya fito a matsayin shugaban ƙasa. Zelensky ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 2019 da kashi 73 cikin ɗari, jam'iyyarsa ta kwashe kujeru 254 a majalisa, Tkachenko ya samu ɗaya daga ciki, a 2020 kuma ya zama minista.

Masu kare wannan ɗabi'a ta barin aikin jarida zuwa siyasa sukan kawo Mustafa Nayyem da Serhiy Leshchenko, 'yan jaridar bincike da suka shiga majalisa a 2014 don yaƙar cin hanci. An yarda, sun taɓuka. Sai dai sun shiga ne a inuwar jam'iyyar shugaban ƙasa na lokacin, Petro Poroshenko, shi ma mai tashar kansa, kuma kowane ɗayansu gurbi ya bari a ɗakin labarai.

Sakamakon ya fito fili bayan mamayar Rasha a 2022, lokacin da aka haɗe manyan tashoshi cikin shirin labarai guda, ba dare ba rana, aka kuma cire tashoshin da ake dangantawa da Poroshenko daga zangon watsa shirye-shirye na ƙasa. Yaƙi uzuri ne mai ƙarfi, amma jama'a da yawa sun koma Telegram neman labari, inda ba edita, ba mai amsa laifin ƙarya. Muddin masu tashoshi ne ke raba takara, ɗan jaridar da ke hangen kujera ba zai matsa wa mai ba da ita da tambaya ba.