Yadda Bakan Gini Yake Ɗaukar Nauyi

In mutum ya tashi daga Canal Street a birnin New York, ya bi titin Broadway ya nufi kudu, kafin ya ci mil guda sai ya tarad da wata majami'a ta jan dutse tsakanin dogayen benaye. Sunanta Trinity. Richard Upjohn ne ya tsara ta, aka gama ginin a 1846. Hasumiyarta ƙafa 281 ce, kuma shekaru da yawa babu ginin da ya kai ta tsawo a birnin. Amma fasalinta aro ne daga majami'un garuruwan Ingila na ƙarni na 14 da na 15.

To, yaya waɗancan suke? Mai shiga ya kan fara iske kwanon dutse kusa da ƙofa, inda a ke yi wa jarirai baftisma. Daga nan sai doguwar farfajiyar jama'a, da ginshiƙai jere dama da hagu. Can gabas akwai ɗakin limamai da bagade, an raba shi da jama'a da shingen katako mai sassaƙa. Hasumiyar ƙararrawa galibi tana yamma. Ita Trinity ta juya tsarin, ƙofarta na duban Wall Street a gabas, bagadenta na yamma.

Abin da ya fi dacewa mu duba shi ne bakan da ke haɗa ginshiƙi da ginshiƙi. Dutse yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure lanƙwasa. In ka gicciya dogon dutse a kan ƙofa mai faɗi, ka aza masa kaya, sai ya tsage daga ƙasa. Saboda haka magina suka sassaƙa duwatsu ƙanana, kowane sama da faɗi ƙasa da tsini, suka jera su a gantsare bisa katakon tokara. Da an sa na tsakiya sai a janye katakon. Nauyi ya matse kowane dutse jikin ɗan'uwansa, ya gangara har ƙasa.

Sai dai baka yana tura bango waje. Shi ya sa za ka ga an yi wa bangon ginshiƙan tokara daga waje. Baka mai rabin da'ira tsawonsa tilas rabin faɗinsa ne. Mai tsini kuwa, wanda ya shiga Ingila a ƙarni na 12, ana iya ɗaga shi yadda a ke so, turinsa kuma ya fi sauƙi, don haka aka sami halin rage kaurin bango, aka faɗaɗa tagogi. Ba Turawa suka fara shi ba, gama yana nan a masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira, wanda aka gama a 879.

Mu komo gida. Kusan lokacin da a ke gina Trinity, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Jumma'a na Zariya. Shi ba dutse ya samu ba, ƙasa ce da azara. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, tana kuwa jure lanƙwasa, watau abin da dutse ya kasa. Sai magini ya kafa ta cikin bango hawa hawa, kowace ta zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, har na dama su sadu da na hagu, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Ga ido bakan gizo ne kamar na Ingila, amma aikinsa dabam: kowane ɓangare hannu ne da bango ya miƙo yana riƙe da rufi.

A ganina Babban Gwani ya fi magina Trinity gaskiya wajen rufi. Wanda ya ɗaga kai a Trinity zai rantse dutse ne aka ɗaure a sama, alhali katako ne da shafen farar ƙasa aka yi musu kamannin dutse. Su kansu majami'un ƙauyukan Ingila yawancinsu rufin katako ne a fili, ba a ɓoye shi ba, don ɗaurin dutse sai gari mai dukiya.