In Zargina Sun Kwashe Garke, Wa Zai Biya?

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya taɓa koro shanu daga kasuwar Adumri ko Ngong ya nufo Mubi ya san zargina, barayin nan masu tare hanya. Daga baya har 'ya'yan Mbororo suka koma sacewa a wajajen Tuboro, sai uba ya karyar da garke ya biya fansa. Gwamnatin Kamaru ta kafa rundunar BIR a 2001, hanya ta ɗan yi sauƙi. To amma wanda aka riga aka tsiyata fa?

Dokar shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu a 2005 ta fara aiki a 2007, ta ba wanda aka cuta damar shiga cikin ƙarar da gwamnati ke yi da ɓarawo, ya nemi diyyarsa a gaban alƙali guda, ko da baki ko a rubuce. Sai dai fa daga aljihun ɓarawon za a biya. In ba a kama shi ba, ko an kama shi ba ya da ko akuya, to takardar hukunci kawai za ka riƙe. Abin mamaki, dokar nan ta tanadi diyya daga baitulmali ga wanda aka tsare a kurkuku bisa zalunci, amma ba ta yi wa falken da aka harba a daji irin wannan tanadi ba. Ingila kuwa tun 1964 gwamnati ke biyan wanda 'yan ta'adda suka raunata, Faransa ta bi sahu a 1977. Mu da muka yi karatun fikihu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don malamai sun ce in mai kisan kuskure ba ya da dangin da za su ɗauki diyya, baitulmali ke ɗauka.

Saboda haka in abin ya auku, Allah Ya kiyaye, a kai rahoto ga jandarma a ranar, kada a tsaya ga Lamiɗo kaɗai. A riƙe rasiɗin kasuwa da takardar likitan dabbobi, a zo da dillalin da aka yi ciniki a gabansa. Ko an ƙwato shanun an kawo Garwa, ba a damƙa su ga wanda bai iya faɗin kamanninsu da shaidar da ke jikinsu ba.