Gurjiya: Irin Da Bai Kamata A Bari Ya Ɓace Ba

Wannan takarda an shirya ta ne domin hakiman ƙasar Daura da malamansu, su karanta su bayyana wa dagatai da masu unguwa, su kuma su isar wa talakawa. Maganar da ke cikinta ita ce ta gurjiya, wadda a wasu wurare a ke kira ƙwaruru.

Abin da ya sa aka ta da maganar

Masana aikin gona sun lura cewa yawancin abincin mutanen duniya daga tsirrai kaɗan ya ke fitowa, musamman shinkafa da alkama da masara. Wannan abin tsoro ne, gama idan fari ko cuta ta faɗa wa ɗayansu, yunwa ta samu ƙofa. Saboda haka suka koma binciken amfanin gonar da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A Rasha da Sin akwai wani tsiro da a ke kira bakwit, wanda a da abincin matalauta ne. Da aka auna ƙwayarsa sai aka tarar da wani sinadari mai suna rutin, wanda har yanzu a ke binciken amfaninsa ga jijiyoyin jini, darajarsa kuwa ta ƙaru. Bakwit ba ya jure zafi irin na Daura, amma ƙasar tana da nata abin da aka raina, watau gurjiya.

Darasin shekarar 1975

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin neman kuɗi, ta ture gurjiya zuwa gefen gona da 'yan gayaunan mata. Bayan farin 1972 zuwa 1974, sai cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta auka wa gonakin Arewa a 1975, ta hallaka yawancin amfanin shekarar. Dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake komawa yadda ta ke ba. Manomin da ya dogara ga abu ɗaya, shi ya fi kowa shan wuya a wannan lokaci.

Abin da bincike ya nuna

Gurjiya 'yar gida ce. Wani likita mai suna Dalziel, wanda ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya tarar da ita tana tsirowa da kanta a dajin ƙasar Yola. Masana sun ɗauka cewa daga can da arewacin Kamaru ta bazu cikin Afirka. Ko da ya ke tana 'ya'ya a cikin ƙasa kamar gyaɗa, ga asali ita 'yar'uwar wake ce.

Na farko, tana jure fari. Idan ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, takan rage shan ruwa ta dakata, in ya dawo ta ci gaba. Tana yi a jigawa mai rairayi wadda ta gaji, irin wadda ta yawaita a Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu.

Na biyu, tana gyara ƙasa. Wanda ya tumɓuke ta ya duba saiwarta zai ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ke ɗebo abincin tsiro daga iska su ajiye. Don haka ba ta bukatar takin zamani mai yawa, geron da ya biyo bayanta kuma yakan amfana.

Na uku, abinci ce cikakkiya. A cikin kashi 100 na busasshiyar ƙwayarta, wajen kashi 60 abin ba da ƙarfi ne irin na hatsi, wajen kashi 18 zuwa 20 abin gina jiki ne irin na wake da nama, wajen kashi 6 kuwa mai ne. Ƙarancin man nan shi ya hana kamfanonin Turawa sayenta, ba rashin amfani ba.

Na huɗu, launinta yana da ma'ana. Baƙa da ja sun fi fara yawan wani sinadari mai bauri a fatarsu, mai suna tanin. In ya yi yawa yakan rage abin da jiki ke samu daga abinci. Jiƙa ta tun daren jiya da zubar da ruwan yana rage shi, yana kuma rage cin itace, gama busasshiya tana daɗewa ba ta dahu ba.

Masu aikin

Cibiyar binciken noma ta ƙasashen zafi da aka kafa a Ibadan a 1967 tana ajiye da irin gurjiya kusan 2,000 da aka tattaro daga ƙasashen Afirka. A 2006 majalisar bincike ta Amurka ta sa gurjiya cikin littafinta na amfanin gonar Afirka da aka yi sakaci da su. A Maraɗi kuwa masu bincike sun gwada buhun nan mai ninki uku da a ke ajiye wake, suka ga yana tsare gurjiya daga ƙwari ba tare da magani ba.

Duk da haka, yawancin gurjiyar da a ke shukawa irin gado ce, wadda tsofaffin mata ke ajiyewa shekara da shekaru. Tana haifar kamanninta ne, ba ta cika gaurayuwa da wata ba. Irin da ya saba da ƙasar wani ƙauye, idan aka cinye shi a shekarar yunwa, ko mai shi ta rasu ba ta bar wa kowa ba, to, ya tafi ke nan.

Abin da a ke roƙon hakimai

1. Malamin hakimi ya rubuta ƙauyukan da a ke noma gurjiya, da sunan kowane iri da launinsa, da yawan kwanakin da ya ke yi kafin ya nuna.

2. Dagatai su gargaɗi masu gida su bar wa iyalansu wurin shuka ta, kada a cinye shi da gero.

3. A yi mata huɗa idan ta fara fure, don 'ya'yan su rufu. Kada a shuka ta inda ruwa ke kwanciya.

4. A shanya ta sosai, a ajiye iri cikin ɓawonsa, kowane launi dabam.

5. Idan malaman gona sun zo neman iri, a ba su kaɗan, a rubuta ƙauyen da ya fito, a bar wa mai shi saura.

Babu wanda ya ce a bar gero ko gyaɗa. Abin nufi shi ne kowane gida ya kasance da 'yan tiyoyin gurjiya a rumbu, gama da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.